Kama Da Wane Ba Ta Wane: Neman Fijon Mahaifina Tsakanin Dutsin-Ma Da Kurfi

A ƙarshen kakar da ta gabata wani ƙanena ya turo mini hotuna uku ta WhatsApp. Mota ce ƙirar Peugeot 504, wadda mu nan muke kira fijo, fara sol, an ajiye ta a gindin wata darbejiya, da tsohuwar lamba mai farawa da KD a goshinta. A ƙarƙashin hotunan ya rubuta: "Yaya, an ga motar Baba a Kurfi." Na daɗe ina kallon hotunan nan, har shayin da ke gabana ya huce.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, malamin makaranta ne a Dutsin-Ma. A 1979 ya karɓi rancen mota irin wanda ake ba ma'aikatan gwamnati a wancan zamani, ya je Kaduna ya dawo da fijo sabuwa dal, ledar kujerunta ma ba a cire ba. A cikinta aka kai mahaifiyarmu asibiti haihuwar autanmu, a cikinta aka ɗauki amaren unguwarmu da ba zan iya ƙirgawa ba, kuma a kujerarta ta baya na fara haddace jadawalin lissafi, Malam yana tuƙi yana yi mini tambaya ta madubi. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka fi ƙarfin albashin malami. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, Malam ya sayar da motar ya biya mana kuɗin makaranta. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma har ya rasu idan fijo fara ta gifta sai ya bi ta da kallo.

Abin da ya rage mana daga motar takarda ɗaya ce ta inshora, ta yi ja saboda tsufa, tana ajiye a adakar mahaifiyarmu. A jikinta akwai lambar shasi. Da dillalin da ya samo motar ya kira ni a waya, ya ce in turo masa hoton takardar don ya gwada da abin da ke jikin motar. Ban yi dogon tunani ba na tura. Bayan kwana tara ya sake kira, muryarsa cike da murna: "Alhaji, albishirinka. Lamba ta yi daidai, ko ɗigo ba ta bari ba." Ya faɗi kuɗi masu nauyi, ya kuma ƙara da cewa wani mai tara tsofaffin motoci daga Abuja yana kan hanya, don haka in gaggauta.

Na tashi daga birnin Katsina da sassafe ranar wata Laraba. Duk mai bin wannan hanya a 'yan shekarun nan ya san dalilin sammako da kuma dalilin komawa gida kafin rana ta yi sanyi, domin 'yan bindigar daji sun sauya wa mutanen yankin lokutan tafiya. Hunturu ya fara saukowa, hazo ya lulluɓe gonaki. An gama girbi, karan dawa a tsaye wasu a kwance, shanu na kiwo a ciki, ga kukoki sun zubar da ganye, ga gawo shi kuma ya yi kore shar kamar yadda ya saba saɓa wa sauran itatuwa. Daga Katsina zuwa Dutsin-Ma kimanin kilomita 60 ne, kuma Kurfi a kan hanya take. Ke nan sai da na ratsa garin da motar take kafin in isa inda na nufa. Zuciyata ta yi ta raya mini in ratse in yi mata ko da kallo ɗaya ne. Na daure na wuce, domin na san idan na gan ta ni kaɗai, da idon ɗa zan kalle ta, kuma idon ɗa ba ya ganin aibi. Akwai mutum ɗaya a Dutsin-Ma da nake so ya riga ni taɓa ta.

Tun daga nesa dutsen da garin ya ci sunansa yake yi wa baƙo maraba. Tsofaffi suna cewa wani maharbi ne mai suna Ma ya zauna a wurin, aka riƙa cewa dutsen Ma har sunan ya bi garin. Dutsin-Man da na sani ina yaro gari ne na Yandakan Katsina, na malamai da manoma da masunta masu kawo kifi daga madatsar ruwa ta Zobe. Yanzu, bayan Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ta cika garin da ɗalibai da gidajen haya da shagunan buga takardu. Ranar kasuwa ce, hanya ta cushe da babura da Keke Napep da motocin Golf da aka yi wa lodi har saman but. Na yi ta dubawa ko zan ga fijo guda a tashar mota, wurin da a da ba ka ganin komai sai ita da 'yar'uwarta a-kori-kura. Ban ga ko ɗaya ba.

Wanda ya taso bayan zamaninta zai yi mamakin yadda mota ɗaya ta mallaki hanyoyin ƙasa guda. A 1968 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504, a shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, gasar da ake yi a kan hanyoyin ƙasa masu laka da ramuka, kuma a wannan shekarar ce masana'antar haɗa Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara fitar da motoci. Da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta umarci jami'anta su rage facaka, fijo ta zama motar hukuma, daga kwamishina har sakataren ƙaramar hukuma. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta sama da shekara ashirin bayan haka. Sirrinta a bayyane yake: tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta na jure gargada, injinta mai silinda huɗu kuwa babu makanikin ƙauyen da ba zai iya kwance shi ya mayar a gindin bishiya ba.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan makanikai na zo nema. Shi ne ya riƙe motar Malam tun daga ranar da ta iso har ranar da ta tafi. Na same shi zaune kan benci a tsohon garejinsa, wanda jikokinsa suka mayar wurin gyaran babura. Ya haura saba'in, idonsa ɗaya ya yi yana, amma muna gaisawa ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan Malam ne? Muryar tasa ce sak." Na nuna masa hotunan. Ya kawo wayar dab da fuskarsa, ya duba, ya mayar mini.

"Tana da kyau," in ji shi. "Kyan nata ne ma ya yi yawa. Ka ce ka tura wa dillalin takardar?"

Na ce, "Na tura, Baba."

Ya yi 'yar dariya. "To ai ka ba ɗalibi amsa kafin ranar jarrabawa."

Ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar jaka. Abin da ke cikinta bai wuce sukundireba da tocila da tsumma da ɗan guntun maganaɗisu da ya ciro daga lasifikar rediyo ba. Muka kama hanyar Kurfi.

A hanya na ba shi labarin yadda ake wannan sana'a a Amurka, inda tsofaffin motoci suka zama dukiya. Akwai wasu motoci da suka yi tashe a can daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, masu matsakaicin jiki da ƙaton inji mai silinda takwas, waɗanda samarin lokacin suke ji da su saboda ƙarfi da ruri. Ta farko da ta yi suna a cikinsu ita ce Pontiac GTO ta 1964. Da yake a shekarar ƙari ne kawai ake yi wa wata mota ta gama-gari mai suna LeMans, jikinsu ɗaya ne, sai 'yan damfara suka samu ƙofa: a sayi LeMans mai araha, a sa mata babban inji da tambarin GTO, a sayar da ita ninkin ba ninkin. Wannan ya sa masu saye a can suka koyi bin diddigi. Suna gwada lambar jiki da ta inji da ta giya su ga ko tare suka fito daga masana'anta, suna neman takardun kamfani na ranar da aka haɗa motar, suna kirga hannayen da ta bi ɗaya bayan ɗaya. Na kuma gaya masa labarin Ford Mustang ta 1968 da jarumi Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, wadda aka yi gwanjonta a jihar Fulorida a watan Janairun 2020 kan dala miliyan 3.74. Da tsatsarta da lotsawarta aka sayar da ita, bayan ta shafe shekaru tun 1974 a hannun iyali ɗaya. Cikin abubuwan da suka tabbatar ita ce, har da ƙarafan da aka yi wa walda a ƙasanta don ɗaura kyamara lokacin ɗaukar fim.

Baba ya gyaɗa kai. "Ashe su ma sun san tabo," ya ce. "To mu ma muna da namu."

Kurfi gari ne mai natsuwa, garin Maraɗin Katsina, kuma garin da ya ba Nijeriya Alhaji Ahmadu Kurfi, sakataren hukumar zaɓen da ta shirya zaɓen 1979. Muka bar kwalta muka bi wani lungu mai yashi tsakanin katangun ƙasa da rumbunan hatsi, yara na bin mu a guje. Ga darbejiyar, ga motar. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, gabana ya faɗi. Fitilun nan masu kama da idon mage, bayan nan da ya ɗan karye ya sauka, zakin nan da ke tsaye a hancinta, komai irin na Malam ne. Dillalin, wanda baƙo ne a garin, ya tarye mu da fara'a, ya buɗe mini ƙofar direba yana cewa, "Bismillah Alhaji, zauna inda mahaifinka ya zauna." Mai motar kuwa, wani dattijo siriri mai tari, yana gefe kan tabarma, bai ce komai ba bayan gaisuwa.

Baba bai bari na zauna ba. Ya fara zagaya motar yana ɗora maganaɗisunsa a jikinta. Inda ƙarfe ne zalla sai ya manne, inda aka cike da fila aka shafe da fenti sai ya sulale ya faɗi. Ya faɗi a wurare da dama, amma Baba ya ce wannan ba laifi ba ne, motar da ta shekara arba'in a hanyoyinmu dole ta sha hannun mai gyaran jiki. Sannan ya sa sukundireba ya ɗaga robar da ke bakin ƙofa, ya kira ni in leƙa. A ƙarƙashin farin fentin akwai shuɗi. Ya buɗe but ya ɗaga shimfiɗar ciki, nan ma shuɗi ne, mai santsi irin na masana'anta. Mai fenti yakan bi inda ido ke kaiwa ne, in ji shi, kamfani kuwa tun motar tana ƙwarangwal yake rina ta ciki da waje. Motar Malam fara ta fito daga Kaduna.

Dillali ya yi caraf ya ce ai mota takan sauya launi sau da yawa, a duba lamba kawai. Ya buɗe bonet da kansa ya nuna ɗan farantin ƙarfen da ke manne a ɗakin inji. Na fito da takardar mahaifiyata na gwada. Lambar ta yi daidai, harafi da harafi. Na ji wani sanyi ya sake ratsa ni, na dubi Baba ina fatan ya janye maganarsa. Shi kuwa ya haska tocila a kan ƙusoshin da suka riƙe farantin. Suna ƙyalli kamar jiya aka buga su, alhali duk abin da ke kewaye da su ya yi baƙi da maiƙon shekaru. Ya ce faranti kamar hula yake, kowa na iya cirewa ya sa wata. Lambar da ba ta ciruwa ita ce wadda aka buga a jikin ƙarfen motar kanta. Ya shafa wurin da ya san tana nan, ya ji an lafta masa fila mai kauri. Ya juya wajen dattijon da ke kan tabarma ya ce, "Malam, ka yarda in kankare?" Dattijon ya ce, "Kankare, ni ma ina so in gani." Da fila ta zube, wata lamba ce daban ta bayyana.

Na tambayi Baba ko za mu duba lambar inji. Ya ce ɓata lokaci ne, domin a ƙasar nan da wuya ka sami fijon da ke yawo da injin da aka haife ta da shi, kuma ko motar Malam ce ta gaskiya, da wani injin za mu same ta. Amma akwai abu ɗaya da ya rage. Ya shimfiɗa tsummansa a ƙasa, ya kwanta da ƙyar, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin motar ta ɓangaren mai zaman banza. Daga can ƙasa yake ba ni labari. A daminar 1983, Malam na dawowa daga wani ƙauye ta wajen Zobe, ruwa ya cinye gefen kwalbati, motar ta faɗa, dutse ya farke ƙasanta. Shi da hannunsa ya yanko ƙarfen duro ya yi mata faci da walda, faci mai faɗin tafin hannu biyu. "Ko an sake mata fenti sau goma," in ji shi, "wannan facin yana nan, don ba mai kwanciya ya yi wa ƙasan mota kwalliya." Ya yi shiru na ɗan lokaci, hasken tocila na yawo. Sannan ya fito, ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Ɗan Malam, ka yi haƙuri. Ban taɓa taɓa wannan motar ba sai yau."

Ko da muka waiwaya, dillali ya ce bari ya je ya yi alwala. Har muka bar Kurfi bai idar da alwalar ba.

Sai a lokacin dattijon ya buɗe baki, kuma abin da ya faɗa ya fi duk abin da na zo nema daraja. Tsohon direban haya ne. A Funtuwa ya sayi motar, shuɗiya, hannu na uku, ya yi shekaru yana jigila da ita tsakanin Katsina da Dutsin-Ma da Ƙanƙara. Injin da ke cikinta shi ne na uku, ƙofar baya ta hagu daga wata fijo da ta yi hatsari aka ciro ta, kujerun kuwa an sake musu rufi sau biyu. Da ita ya aurar da 'ya'yansa, da ita ya gina ɗakunan da muke gani. Rashin lafiya ce ta sa zai rabu da ita. Dillalin ya karɓe ta mako biyu da sunan zai wanke ta ya yi mata fenti don ta yi kasuwa, ya kawo mata tsohuwar lambar da ba tata ba. "Wallahi ban taɓa cewa ta mahaifinka ce ba," in ji shi, "kuma da na ci kuɗinka a kan haka, da me zan ce ranar da za a tambaye ni?" Ya san abin da kowane ɗan kasuwar kirki ya sani, cewa shari'a ta wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin hajarsa, ta kuma ba mai saye damar mayar da ita idan an ɓoye masa.

Na dubi motar da sabon ido. Tarihinta cikakke ne, mai shi yana raye yana iya lissafa kowane gyara da inda aka yi shi. Dillalin ya rufe wannan tarihi na gaskiya da fila don ya ɗora mata na aro, kuma da kwaɗayina ya yi aiki. Ni na ba shi lambar, ni na ba shi labarin, shi kuwa ya sayar mini da abin da ya ga ina mutuwar son ji. Haka ake yi wa mai neman fili da takardar jabu, haka ake yi wa mai neman tsohon takobi ko kundin kakanni. Gaggawar nan ta "wani yana kan hanya" ita ce makaminsu na farko, domin mai sauri ba ya ɗaga robar ƙofa.

Mu Hausawa muna da son sabunta abu, kuma ba laifi ba ne. Amma wanda ya taɓa shiga gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas ya ga baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976, ya san ramukan harsashin nan su ne shaidarta. Da wani mai son gyara ya cike su ya shafe da fenti, da ta koma tsohuwar Marsandi kamar kowace. Fijo ma ta cancanci irin wannan adanawa. Ita ce ta kai malamai makarantun ƙauye, ta kai marasa lafiya asibiti, ta kai alhazai filin jirgi, kuma a Kaduna hannayen 'ya'yanmu suka haɗa ta. Yau 'yan gwangwan suna bin lunguna suna saye ta a kan sikeli, kilo-kilo. Gidan tarihin da ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, za su iya sayen guda ɗaya irin ta dattijon nan, su ajiye ta da facinta da lambarta ta gaskiya, su kuma naɗi muryar direbanta da ta makanikinta tun suna da rai. Kuɗin da za a kashe bai kai na walimar buɗe taro ɗaya ba.

Ban sayi motar ba. Na ba dattijon abin da ya sawwaƙa don magani, Baba kuma ya cire farantin jabun da sukundirebansa ya miƙa mini, ya ce in riƙe kada a sake yaudarar wani da lambar Malam. A hanyar mayar da shi Dutsin-Ma ya gaya mini cewa ganinsa na ƙarshe da motar mahaifina, haya take yi a hanyar Ƙanƙara, an yi mata lodin buhunan masara har bayanta na shafar ƙasa, kuma ya gane ta ne tun daga nesa ta yadda take ɗan karkata dama tun faɗuwar kwalbatin nan. Na sauke shi a gareji, na juyo da sauri don in wuce Kurfi da sauran rana. Da na isa gida na mayar wa mahaifiyata takardarta, na haɗa mata da farantin. Ta saurari labarin har ƙarshe, ta ninke takardar yadda take a da, ta mayar cikin adaka, ta ce, "Allah Ya jiƙan Malam." Muka ce amin.